Ta yaya ake sanin bala'in teku yana tafe kafin ya iso gaɓa?

Malam, a tambayar da ka aiko mini ka ce kana jin masana suna cewa babu wanda zai iya faɗin ranar da za a yi girgizar ƙasa, amma kuma kana jin gidajen rediyo suna sanar da cewa an yi gargaɗin tsunami a Japan ko Indunusiya tun kafin ruwan ya iso, shi ne kake son sanin yadda maganganun biyu za su zama gaskiya a lokaci guda. Ka kuma tambayi irin na'urorin da ake amfani da su wajen hasashen guguwar teku, da dalilin da ya sa har yau ake asarar dubban rayuka duk da na'urorin, da kuma ko lamarin ya shafi gaɓar Legas da ta Gana, inda ka ce kana da 'yan'uwa.

Maganganun biyu duk gaskiya ne. Babu wata na'ura a duniya da take faɗin lokacin da ƙasa za ta girgiza. Abin da cibiyoyin gargaɗi suke yi shi ne su auna girgizar da ta riga ta faru, sannan su aika labarinta ya riga ruwa isa gaɓa. Lamarin kamar walƙiya da tsawa ne: abu ɗaya ne ya haife su, amma kana ganin hasken kafin ƙarar ta iso kunnenka. Motsin girgiza yana ratsa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da gudun kilomita da yawa a daƙiƙa guda, don haka cikin 'yan mintoci na'urorin auna girgiza da ke nesa da dubban kilomita sun ji shi. Ita kuwa igiyar tsunami, a inda zurfin teku ya kai mita 4,000, tana tafiyar kusan kilomita 700 ne a sa'a. Wannan gudun jirgin sama ne, amma idan aka gwada shi da gudun girgizar, tafiyar hawainiya ce. Tazarar da ke tsakanin isowar labari da isowar ruwa ita ce duk jarin da masu gargaɗi suke da shi, kuma kowace na'ura da zan ambata a nan an ƙirƙiro ta ne domin a ci moriyar wannan tazara.

Tsunami ba irin igiyar da iska take tayarwa a saman ruwa ba ce. Tana samuwa ne idan ƙasan teku ya ɗaga ko ya nutse farat ɗaya, galibi a wuraren da wani ɓangare na ɓawon duniya yake kutsawa ƙarƙashin wani, sai duk ruwan da ke bisansa, daga ƙasa har sama, ya motsa tare. A tsakiyar teku tudunta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, faɗinta kuwa daga wannan tozo zuwa wancan yakan kai ɗaruruwan kilomita, shi ya sa jirgin ruwa zai bi ta kanta ba tare da matuƙinsa ya lura ba. Sai ta shigo ruwa marar zurfi gabanta yake rage gudu, na baya ya tarar da shi, ruwan ya taru ya yi tsiri. Da yake zurfin teku ne kaɗai yake ƙayyade gudunta, duk wanda yake da taswirar ƙasan teku zai iya lissafa sa'ar da za ta isa kowace gaɓa, kuma lissafin yakan yi daidai ƙwarai. Wahalar tana wajen sanin ko an haifi igiyar ma tukuna, da kuma tsayin da za ta kai idan ta iso.

An fara wannan aiki ne bayan girgizar tsibiran Alushiyan ta ranar 1 ga Afrilun 1946, wadda igiyarta ta isa Hawai bayan 'yan sa'o'i ta halaka mutum 159 ba tare da kowa ya san tana tafe ba. A 1949 Amurka ta kafa cibiyar gargaɗi a Hawai. Girgizar Cile ta watan Mayun 1960, mai ƙarfin maki 9.5, wadda ba a taɓa auna irinta ba har yau, ta kashe mutum 61 a garin Hilo na Hawai, ta kuma ƙetare Tekun Fasifik baki ɗaya ta kashe fiye da ɗari a Japan bayan kusan sa'o'i 22, abin da ya sa ƙasashen yankin suka haɗa tsarin gargaɗi na bai ɗaya a 1965. Shekaru da dama kayan aikin biyu ne kawai: na'urar auna girgiza, da ma'aunin tsayin ruwa da ake kafawa a tashoshin jiragen ruwa. Na farkon yana gaya maka an yi girgiza, ba ya gaya maka ko ta ɗaga ruwa. Na biyun yana tabbatar da igiyar, amma sai bayan ta riga ta bugi gaɓar da yake kai. Saboda haka ake yin gargaɗi bisa zato, kuma mafi yawan gargaɗin da aka yi a Hawai a wancan zamani ya ƙare ba tare da an ga ruwan da ya kai a gudu dominsa ba. A watan Mayun 1986 an kwashe jama'a daga gaɓar Honolulu, aka rufe kasuwanci, aka yi asarar miliyoyin daloli, igiyar da ta zo kuwa 'yar ƙarama ce. Illar irin wannan ta wuce ta kuɗi, domin mutumin da aka tayar da hankalinsa sau biyu a banza da wuya ya motsa a karo na uku.

Maganin da aka samo shi ne na'urar da ake kira DART, wadda masu bincike na hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka suka ƙera a cibiyarsu ta Siyatil. Ɓangare biyu gare ta. Na farko wani akwati ne mai nauyi da ake nutsarwa ƙasan teku, a zurfin mita dubu uku ko huɗu ko fiye, kuma aikinsa ɗaya ne, wato auna nauyin ruwan da ke danne shi. Ƙananan igiyoyin iska ba sa kaiwa wannan zurfi, amma idan tsunami ta gifta, ko da tudunta santimita ɗaya ne, nauyin ruwan yana ƙaruwa kaɗan, akwatin kuma yana ji. Da yake saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, akwatin yana aika bayanansa ne da sauti zuwa ɓangare na biyu, wata na'ura mai iyo a saman ruwa wadda aka ɗaure da doguwar igiya zuwa ƙasan teku, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam, shi kuma ya sauke wa cibiyar gargaɗi. A ranakun da babu komai, awon kowane minti 15 kawai take tarawa ta aika domin tattalin batir. Da zarar ta ji motsin da ya saɓa wa cika da janyewar teku na yau da kullum, sai ta koma bayar da rahoto a kai a kai ba tare da an umarce ta ba. A watan Nuwamban 2003 aka ga amfaninta a fili: an yi babbar girgiza kusa da Alaska, na'urar ta nuna igiyar 'yar santimita kaɗan ce, aka janye gargaɗin, Hawai ta tsira daga kwashe jama'a a banza.

Bayanan na'urar ba sa aiki su kaɗai. Cibiyoyin suna da rumbun lissafi da aka riga aka yi a kwamfuta, inda aka ƙaddara girgiza iri-iri a kowane yanki mai haɗari, aka kuma lissafa yadda igiyar kowacce za ta bazu. Idan girgiza ta faru ba a fara lissafi daga tushe, sai a zaro wanda ya fi kama da ita, a gyara shi da awon da ya fito daga teku, a fitar da hasashen tsayin ruwa ga kowace gaɓa.

Duk wannan a Tekun Fasifik yake. Ranar 26 ga Disambar 2004, lokacin da ƙasa ta tsage a yammacin tsibirin Sumatara na Indunusiya tsawon kusan kilomita 1,300, babu irin wannan na'ura ko ɗaya a Tekun Indiya, kuma babu yarjejeniyar wanda za a kira a kowace ƙasa. Cibiyar Hawai ta fitar da sanarwa cikin kimanin minti 15, ta ƙiyasta ƙarfin girgizar da maki 8.0, alhali gaskiyarsa 9.1 ne. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kowane maki ɗaya yana nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32. Dalilin kuskuren shi ne tsagewar ta ɗauki kusan minti goma tana gudana, dabarun awo na gaggawa kuwa farkonta kawai suke kamawa. Mutanen birnin Banda Ace, da ke arewacin Sumatara, ba su samu ko rabin sa'a ba, kuma a gaskiya babu tsarin da zai ceci mafi yawansu a ranar. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Siri Lanka da Tailan da kudancin Indiya, inda ruwan ya ɗauki kusan sa'o'i biyu kafin ya iso, da Somaliya, inda ya ɗauki kusan sa'o'i bakwai amma duk da haka ya kashe kimanin mutum 300. Tafiyar minti ashirin zuwa kan tudu ta isa ta ceci dubun-dubatar waɗannan mutane. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai kusan 230,000 a ƙasashe 14.

Bayan haka ne hukumar UNESCO ta jagoranci kafa tsarin gargaɗi na Tekun Indiya, wanda ya fara aiki a 2006, kuma tun daga 2011 cibiyoyi uku ne suke riƙe da shi, a Ostireliya da Indiya da Indunusiya. Amurka ma ta ƙara na'urorinta daga 6 zuwa 39 a 2008. Igiyar da za ta ƙetare teku yanzu da wuya ta iske mutane ba labari. Matsalar da ta rage ita ce ta waɗanda suke zaune dab da inda girgizar ta faru.

Japan ce ta fi kowace ƙasa shiri, amma ranar 11 ga Maris 2011 ta nuna iyakar shirin. Hukumar yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi cikin minti uku, wanda abin yabo ne, sai dai ta ƙiyasta girgizar da maki 7.9 maimakon 9.0, ta ce ruwan zai kai mita 6 a lardin Miyagi, mita 3 a lardunan Iwate da Fukushima. Garuruwa da yawa a wannan gaɓa suna da katangun da suka fi haka tsayi, don haka wasu suka ga babu dalilin gudu. Sai bayan kusan rabin sa'a, da wata na'ura mai iyo a gaban gaɓar Kamaishi ta nuna ruwa yana tashi fiye da zato, aka ɗaga ƙiyasin, a lokacin kuwa wutar lantarki ta ɗauke a wurare da dama, mutane da yawa ba su ji gyaran ba. A wasu kwaruruka ruwan ya hau har kusan mita 40, mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Japan ta ɗauki darasi biyu. Ta shimfiɗa waya mai tsawon fiye da kilomita 5,000 a ƙasan teku, ɗauke da tashoshin awo 150 da suke aiko da bayani kai tsaye. Sannan tun daga 2013, idan girgiza ta yi girman da ba a iya tantance ta nan take, ba a ƙara faɗin adadin mita a sanarwar farko, sai dai a ce gagarumar igiya tana tafe, kowa ya gudu. A ganina gyara na biyu, wanda bai ci ko sisi ba, bai gaza na farko muhimmanci ba.

Indunusiya ta gamu da wani gibin na dabam a 2018. A Palu, ranar 28 ga Satumba, ruwan ya shigo cikin 'yan mintoci bayan girgizar, layukan waya sun katse, ma'aunin ruwa mafi kusa da ya aiko da bayani yana da nisan ɗaruruwan kilomita kuma santimita 6 kacal ya nuna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta bayyana cewa na'urori 22 masu iyo da aka kafa bayan 2004 sun daina aiki tun 2012, saboda rashin kuɗin gyara da ɓarnar masu kwance kayansu. Wata uku bayan haka, gefen dutsen Anak Karakatau mai aman wuta ya rufta cikin teku da dare, igiyar ta kashe fiye da mutum 400, ba a yi gargaɗi ba ko kaɗan, domin an gina tsarin ne a kan jin girgizar ƙasa, wannan karon kuwa babu babbar girgizar da za a ji. Fashewar dutsen Tonga a Janairun 2022 ta sake nuna wannan rauni, inda bugun iskar fashewar ya tayar da ruwa a tekuna masu nisa tun kafin lokacin da lissafi ya nuna. Ana ta aikin toshe waɗannan kafofi, amma ba a gama ba.

Saboda haka masana kansu suke gaya wa mazauna gaɓa cewa kada su jira jiniya. Idan ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ya janye ya bar ƙasansa a fili, ko aka ji ruri daga cikinsa, to gargaɗin ke nan. A tsibirin Simulu na Indunusiya, wanda yake kusa ƙwarai da tushen girgizar 2004, mutum bakwai ne suka mutu cikin kusan 78,000, saboda tun bayan wata tsunami da ta auka musu a 1907 iyaye suke gaya wa 'ya'yansu cewa idan ƙasa ta motsa kuma ruwa ya ja da baya, a nufi tudu.

Guguwar teku lamarinta ya fi sauƙi ta fuska ɗaya, domin kwanaki take bayarwa, ba mintoci ba. Tana haɗuwa ne a kan ruwan da ɗuminsa ya kai kusan digiri 26 ko 27, kuma albarkacin taurarin yanayi, waɗanda aka harba na farkonsu a 1960, yanzu babu wadda take tasowa a ɓoye. Taurarin da ke tsaye a nisan kilomita 36,000 suna ɗaukar hotonta kowane 'yan mintoci, kuma daga siffar gajimarenta ake ƙiyasta ƙarfinta ta hanyar dabarar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970. Wasu taurarin suna auna iska daga yadda fuskar ruwa ta yamutse. A Tekun Atlantika, jiragen saman Amurka suna kutsawa har cikin idon guguwar suna sakin ƙananan na'urori da lema, waɗanda suke auna iska da danshi da nauyin iska har su faɗa ruwa. A ƙarƙashin teku kuma akwai na'urorin Argo kusan 4,000, kowacce tana nutsewa zuwa mita 2,000 ta taso duk kwana goma ta aiko da ɗumin ruwa da gishirinsa, abin da yake nuna ko ɗumin da guguwar take ci yana da kauri ko a sama kawai yake.

Duk waɗannan awo ana zuba su cikin manyan kwamfutoci masu kwaikwayon sararin sama. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai ba sau ɗaya take yin lissafin ba, takan maimaita shi sau 51, kowane karo da ɗan canji a bayanan farko. Idan amsoshin suka bi hanya ɗaya, hasashen abin dogaro ne, idan suka watse, an san akwai sauran shakka. Hasashen hanyar da guguwa za ta bi ya inganta sosai, kuskurensa ya ragu da fiye da rabi tun 1990. Hasashen ƙarfinta ne ya rage a baya. Guguwar Otis, a Oktoban 2023, ta tashi daga matsakaiciyar iska zuwa mataki na biyar, mafi tsanani, cikin kusan kwana guda, ta faɗa wa birnin Akafulko na Meziko alhali kusan babu lissafin da ya hango haka.

Abin da ya fi kashe mutane a guguwar teku ruwa ne, ba iska ba. Iskar tana tura teku gabanta ta tara shi a gaɓa, raguwar nauyin iska a tsakiyar guguwar kuma yana ƙara ɗaga shi kaɗan, kuma idan hakan ya dace da sa'ar cikar teku abin ya ƙara muni. Inda gaɓa take shimfiɗe, ruwan gabanta marar zurfi, kamar a Mashigin Bengal, kumburin yakan kai mita shida ko fiye. Akwai lissafin kwamfuta na musamman da yake haɗa hanyar guguwa da zurfin ruwa da tudun ƙasa ya nuna unguwannin da za su nutse.

Bangaladash ce amsar tambayarka game da ko na'urorin suna aiki. Guguwar Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, duk da cewa tauraron ɗan'adam ya gan ta. Ta Afrilun 1991 ta kashe kusan 138,000. Guguwar Sidar, a 2007, ta kashe sama da 3,000. A lokacin guguwar Amfan, a Mayun 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan biyu, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Hasashe ya inganta, babu shakka, amma babban abin da ya canza yana ƙasa. Tun farkon shekarun 1970 gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa rundunar 'yan sa-kai, waɗanda yanzu sun kai dubun-dubata, maza da mata. Idan hukumar yanayi ta ɗaga lambar haɗari, saƙon yana sauka ta rediyo zuwa ƙauye, a ɗaga tuta ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon tsananin abin, ɗan sa-kai ya hau keke da lasifika a hannu yana bin gida gida, a kuma yi shela daga masallatai. Inda za a je ma an tanada: gine-gine a kan dogayen ginshiƙan kankare, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne, da tuddan ƙasa da aka tara domin dabbobi, saboda an gano cewa manomi ba ya yarda ya bar saniyarsa. Sanya mata cikin aikin ya taimaka ƙwarai wajen fito da matan da ba za su bar gida da kiran baƙon namiji ba. Ka gwada wannan da Myanmar a 2008, inda hukumar yanayi ta Indiya ta sanar da zuwan guguwar Nargis tun da kwana biyu, amma kusan mutum 138,000 suka mutu ko suka ɓace, domin babu hanyar isar da labarin ga ƙauyuka kuma babu wurin fakewa.

Akwai wata alaƙa da ƙasarmu da mutane da yawa ba su sani ba. Mafi yawan manyan guguwowin da suke faɗa wa tsibiran Karebiyan da Amurka daga hadarin daminarmu suke farawa. Kowane kwana uku zuwa biyar wani lanƙwasan iska yana tasowa daga gabas ya ratsa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya da Mali yana tafe da hadari, ya fita teku ta wajen Sanagal, wasu daga cikinsu su girma su zama guguwa. Wannan ne ya sa awon da ake yi da balan-balan ɗin yanayi a wurare irin su Yamai yake da daraja ga masu hasashe a ƙetaren teku, kuma ƙarancin irin waɗannan tashoshi a Afirka ta Yamma yana rage ingancin hasashensu da namu gaba ɗaya.

Game da 'yan'uwanka na Legas da Gana, haɗarin tsunami a Mashigin Gini kaɗan ne, domin babu inda ɓawon duniya yake kutsawa ƙarƙashin wani a kusa, kuma guguwar teku ba ta haɗuwa dab da layin da ya raba duniya biyu. Abin da yake damun wannan gaɓa shi ne zaizaya, da manyan igiyoyi, da hauhawar teku a hankali. Igiyoyin ruwa a nan suna kwasar yashi daga yamma zuwa gabas, duk abin da ya tare shi kuwa yana jawo wa gabashinsa yunwar yashi. Katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar Legas daga 1908 sun tara yashi a yammacinsu, suka bar gaɓar Bar Beach tana cinyewa shekaru da dama har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello. A Gana, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta rage yashin da kogin Bolta yake kaiwa teku, garin Keta ya rasa gidaje da tituna. A Sen Luwi ta Sanagal, hukumomi sun yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a zirin yashi a 2003 domin ruwan ambaliya ya fita, teku ya buɗe ta ta koma kilomitoci, ya cinye ƙauyuka. Da an yi lissafin tafiyar yashi kafin a sa hannu, da an hango haɗarin. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa ta jawo wa Binin da Kodebuwa da Sanagal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai.

Kayan binciken wannan irin haɗari sun bambanta. Hotunan taurarin Landsat, waɗanda ake ɗauka tun 1972 kuma kyauta ake samunsu, suna nuna yadda gaɓa ta ja baya shekara bayan shekara. Taurarin auna tsayin teku, daga 1992 zuwa yau, sun nuna cewa teku ya tashi da kusan santimita 10, kuma saurin tashin ya ƙaru daga kusan milimita 2 a shekara zuwa fiye da 4. Taurari masu rada suna auna nutsewar ƙasa, wadda a biranen da aka gina a kan fadama ake kuma zuƙe ruwan ƙarƙashinsu takan fi tashin tekun sauri. Manyan igiyoyin da suke bugun Legas da Keta tsakanin damina, irin wadda ta halaka mutane a gaɓar Kuramo ta Legas a Agustan 2012, yawanci daga guguwowin kudancin Atlantika suke tasowa, suna kuma ɗaukar kwanaki a hanya, don haka ana iya hango su, musamman idan za su dace da cikar teku ta sabon wata ko tsakiyarsa. Na'urori masu iyo na shirin PIRATA, masu auna yanayin teku, waɗanda Faransa da Birazil da Amurka suke kula da su tun 1997, suna da wasu a Mashigin Gini. Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, hukumar yanayi ta ƙasar, NiMet, tana fitar da hasashen yanayin teku, Jami'ar Gana kuma ta yi aikin aika wa masunta hasashen igiyar ruwa ta saƙon waya.

Inda muke da rauni shi ne awo a gaɓarmu kanta. Tauraron ɗan'adam ba ya gani da kyau dab da tudu, lissafin kwamfuta kuma sai an gwada shi da abin da ma'auni ya nuna a wurin kafin a amince da shi. Tashar Takoradi ta Gana tana da ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan tsayin teku a Afirka, tun shekarun 1920, amma akwai shekarun da suka ɓace a cikinsa, kuma tashoshi da yawa a yankin sun yi aiki ne iya lokacin da kuɗin masu ba da tallafi ya ɗore. Ma'aunin ruwa na zamani ba wani babban abu ba ne: ƙaramar rada ce a kan sandar ƙarfe a bakin tashar jirgi tana kallon ruwa, da faifan hasken rana, da batir, da na'urar aika saƙo. Abin da yake buƙata shi ne ma'aikaci mai albashi da zai riƙa zuwa yana goge gishiri, yana canza batir, yana tabbatar da cewa sandar ba ta nutse ba, shekara talatin ko arba'in ba yankewa, domin sai bayanai sun kai wannan tsawo ake iya raba hauhawar teku ta gaskiya da sauye-sauyen shekara. Da za a tambaye ni inda gwamnatocin yankin za su fara sa kuɗi, a nan zan ce, tare da auna zurfin ruwan gaɓa da tudun unguwannin da ke bakin teku, domin a fitar da taswirar da za ta nuna wa 'yan'uwanka ko gidan da suke haya yana cikin inda ruwa zai hau.